Ranar da Inna Ta Ƙi Hawa Jirgin Raguna

Shekarun baya, lokacin da fari ya bi mu damina biyu a jere, ina koyarwa a wata firamare a ƙauyenmu da ke arewa da Gezawa. Waɗanda suka yi wayo a lokacin ba sai na tuna musu ba. Gero ya fito ya tsaya iya gwiwa ya ƙone, rijiyoyi suka ja baya sai an ƙulla wa guga wata igiyar, sabulu da sukari kuwa sai an shiga birni an bi layi. A gidanmu, cikin rumbuna ukun da mahaifina ya bari, ɗaya ne kawai za ka zura hannu ka taɓo wani abu.

A cikin wannan hali ne mahaifiyata ta ce za ta tafi aikin Hajji.

Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta kiran sunana. Wata safiya na shiga gaishe ta, tana zaune a bakin ɗaki tana tsintar wake a faifai, ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Kai wannan, bana zan tafi."

Na ce, "Ina, Inna?"

Ta ce, "Gabas."

Na fara kawo mata dalilai irin na masu ilimin boko. Na ce shekarar ba ta yi kyau ba, a bari a ga damina mai zuwa. Ta bar ni na gama tsaf. Sannan ta nuna turke da haɓa, inda bijimanta biyu suke tsaye. Shekara da shekaru tana kiwonsu da harawa da dusa don wannan niyya. Ta ce, "Harawa ta ƙare, dusa ta fi ƙarfinmu. In ban sayar da su na tafi ba, fari zai cinye su ina kallo. Ga gwiwoyina kuma, bana sun fi bara ciwo. Mahaifinku da 'baɗi, baɗi' ya tafi bai je ba." Daga nan muka fara shirin tafiya.

Kujerar jirgin sama daga Kano kai tsaye ta fi ƙarfin irinmu. Amma a shekarar akwai wani ejan da yake zagaya ƙauyuka, tun daga wajenmu har su Dawakin Tofa, yana haɗa maniyyata ta wata hanya mai sauƙi: a bi mota har Sudan, daga can a hau jirgin ruwa a tsallaka zuwa Jidda. Mutum ne mai fara'a da babbar riga mai sitati, bakinsa kamar an shafa masa zuma. Ranar da ya zo garinmu aka shimfiɗa masa tabarma a gindin tsamiyar ƙofar gidan mai unguwa, ya zaro wani hoto daga jaka yana miƙa wa mutane. Jirgi ne fari sol, hawa-hawa kamar benayen birni. Ya ce a ciki akwai ɗakuna da famfo da masallaci da likita, abinci kuma sau uku.

Mutane suka yi ta tambaya. Wani ya ce in jirgin ya huje a tsakiyar ruwa fa? Ejan ya yi dariya ya ce ƙarfen jirgin ya fi katangar masallacin Juma'a kauri. Wani ya ce ya ji tashar jiragen cike take da ɓarayi. Ya ce da sojoji a kowace ƙofa, ko allura ka yar za a kawo maka.

Mata ba sa fitowa wurin, sai dai su aiko da tambaya. Inna ta ba ni guda uku in yi masa. Ina ruwan sha yake, kuma zai ishi kowa? Mata suna da makewayinsu daban? In abu ya faru, da me ake fitar da mutane? Na ɗauko tambayoyin nan har gindin tsamiya, na dubi dattawan da ke zaune, na dubi farar rigata ta malamin makaranta, sai na ji kunyar in buɗe baki in yi zancen makewayi. Na haɗiye. Da na koma ta ce, "Me ya ce?" Na ce, "Ya ce komai akwai, Inna." Ta dube ni ɗan lokaci, ta ci gaba da abin da take yi.

Mu goma sha uku muka tashi, shida mata. Akwai kawuna, ƙanin Inna, manomi ne mai saurin fushi da saurin hucewa. Ni kuma aka ce in zama jagora, tunda ina jin Turanci, kuma na yi karatun littattafai a zaure har ana cewa ina da Larabci. Ba zan ɓoye muku ba, abin ya shiga kaina. Har wani littafin rubutu na saya na rubuta sunayen mutane a ciki, ina kiran suna duk inda mota ta tsaya, kamar a aji.

Ba zan ja ku da labarin hanya ba. Makonni muka yi a bayan manyan motoci, daga wannan gari zuwa wancan, muna cin garin gero da ƙuli-ƙuli da busasshiyar kuka da muka ɗauko daga gida. Ranar da muka isa bakin teku, duk muka sauko muka tsaya kamar an dasa mu. Babban ruwan da muka sani shi ne kududdufin bayan gari in damina ta yi kyau. Wannan kuwa ba ka ganin inda ya ƙare, ya haɗe da sama. Kawu ya cire hula yana salati. Inna ta taka a hankali har bakin ruwan, ta tsoma yatsa ta ɗanɗana, ta tofar. Ta ce, "Ikon Allah. Ga ruwa har ruwa, amma ko kuɓewa ba zai raya ba."

Aka kai mu wani babban fili a cikin tashar, an kewaye shi da waya, inda maniyyata daga ƙasashe daban-daban suke jiran jirgi. Zafi kamar a bakin murhu. Sojojin da aka ce suna kowace ƙofa, guda ɗaya muka gani, shi ma yana gyangyaɗi a inuwa. 'Yan dako kuwa ba sa jiran ka kira su, sai dai ka ga ƙullin kayanka a kan wani yana tafiya, ka bi shi da gudu.

A matsayina na jagora, na ce kowa ya kawo fasfonsa da tikitinsa in adana a jakata ta hannu. Kowa ya miƙo. Inna ta ce a ba ta. Na ce, "Inna, ai jakar tawa tana da kwaɗo." Ta ce, "Kwaɗon yana hana a ɗauki jakar?" Ta karɓe su duka, ta naɗe a wani tsohon ɗankwali, ta ɗaure a ƙugunta ƙarƙashin zane. Sannan ta sa aka tara kayanmu wuri guda, aka zura igiya ɗaya ta cikin kowane ƙulli kamar an ɗaure awaki, mata suka zauna a kai.

Raina ya ɗan sosu, na ga kamar an rage mini matsayi. Washegari da hantsi na tara mazanmu ina yi musu bayani a kan yadda ake kula da kaya a baƙon wuri. Na ajiye jakata a gefen ƙafata don in samu damar nuni da hannu biyu. Da na gama jawabi na sunkuya, babu jaka. Ta tafi da kwaɗonta da littafin sunaye da tabarau da takalmina na fita kunya. Rana tsaka, mutum shida suna kallon bakina. Kawu ya yi dariya har da riƙe ciki. Inna kuwa na ga ta shafa ƙugunta sau ɗaya.

Kwana biyar muka yi a filin nan. Ejan ya zo da safe ya ce gobe, ya ɓace, ya sake zuwa ya ce gobe. Ana ta raɗe-raɗin cewa kwanakin da ake karɓar alhazai a Jidda sun kusa cika, duk wanda bai tsallaka ba sai baɗi. Hankalin kowa ya tashi. A rana ta shida ya zo da sauri yana tafa hannu, ya ce a ɗauki kaya, jirgi ya samu, da la'asar zai tashi.

Muka bi shi. Muka wuce manyan jirage, muka wuce matsakaita, har ƙarshen tashar. Tun kafin mu ga jirgin muka ji warinsa. Baƙi ne, tsatsa ta ci gefensa, an jingina masa wani faffaɗan katako ana kora raguna suna hawa, ɗaruruwa, suna ta kuka. Ejan ya ce farin jirgin ya cika, amma wannan ma Jidda za shi, kwana ɗaya ne kawai, an ware mana wuri a sama.

Maza suka fara ɗaukar kaya. Inna ta ce a dakata, sai ta gani.

Ejan ya ce, "Hajiya, babu lokaci."

Ta ce, "Ban zama Hajiya ba tukuna. Ko tukunya zan saya sai na ƙwanƙwasa ta."

Ta kama katakon nan ta fara hawa da gwiwoyinta masu ciwo, raguna suna gogar ta. Dole na bi bayanta da silifas ɗin aro. A sama muka sami wani ma'aikacin jirgin, ta ce in tambaye shi ruwan sha. Na gyara murya na jero masa Larabcin littafi, da wasali da komai. Mutumin ya saki baki yana kallona, sannan ya kira abokinsa ya ce in maimaita, suka yi ta dariya. A ƙarshe da hannu na yi nuni, na kai tafi baki. Ya nuna mana duro biyu, a gefensu ga kwamin da raguna ke sha.

Inna ta leƙa duron, ta dubi yawan ragunan, ta dubi mutanen da ke hawowa, domin ba mu kaɗai ba ne, an kawo wasu ayarin. Ta ce a nuna mata makewayi. Wani ɗan akurki ne a can ƙarshen jirgin, babu ƙofa, sai buhu da aka rataya, kuma shi ke nan na maza da mata. Wurin da aka ware mana kuwa fili ne a kan ƙarfe mai zafi, an ɗaura wani yagaggen tamfol da bai fi inuwar mutum goma ba.

Ta ce, "Saura tambaya ta ukun."

A nan na gane ta san ban yi tambayoyinta a gindin tsamiya ba. Na yi wa ma'aikacin nuni da jirgi yana nitsewa. Ya kai mu wurin wani ƙaramin kwalekwale da ke rataye. Inna ta ɗaga ledar da aka rufe shi da ita. Cike yake da gwangwanayen fenti da tsummoki, kuma ta ƙasansa kana hango ruwan teku ta wata ɓula da kan yaro zai shiga.

Ta sauke ledar a hankali, ta juya ta sauko. Da ta iso ƙasa ta nufi ƙullin kayanta ta zauna, ta miƙe ƙafa, ta ce, "Ba na hawa."

Nan fa wuri ya rikice. Kawu ya zo ya tsaya a kanta. "Yaya, kin san abin da kike yi kuwa? Mun bar gida, mun sayar da abin da muka sayar, mun ci ƙurar duniya, sai da muka zo ƙofa za ki zauna? In wannan ya tafi ba mu samu wani ba fa? Da wane ido za mu koma gari?"

Ta ce, "Da idon da muka fito da shi."

Ya ce, "Ai wanda ya mutu a hanyar nan ya yi shahada."

Ta ce, "Wanda mutuwa ta same shi, ba wanda ya gan ta ya hau ba. Ɗakin Allah na fito nema. Kai namiji ne, ka hau in kana so. Amma mata shida ba za su kwana su wuni a gaban maza babu wurin tsugunawa ba, kuma ba za mu yi rabon ruwa da raguna ba."

Ejan ya ga ba zai iya da ita ba, sai ya ja ni gefe. Ya ce, "Malam, kai ne mai ilimi a cikinsu. Tsohuwa ce, tsoron ruwa take ji. Ka lallashe ta. In kuka rasa wannan, babu ruwana." Wallahi na so in bi maganarsa. Tsoron komawa gida ba Hajji ya fi mini tsoron teku. Na je na durƙusa kusa da ita na ce, "Inna, ko dai mu daure? Kwana ɗaya ne."

Ta dube ni ta ce, "Kai ma ka ga ɓular nan ko ba ka gani ba?"

Na ce na gani.

Ta ce, "To je ka gaya wa matan nan abin da ka gani. Kada ka ƙara, kada ka rage."

Na je na gaya musu. Ɗaya bayan ɗaya suka sauke kayansu suka zauna kusa da ita, har da wata da mijinta yake ta zare mata ido. Matan wasu ayarin da suka ga haka suka tambayi dalili, wasunsu su ma suka sauko suka zauna. Kafin a jima hanyar ragunan ta toshe da mata a zaune, masu kora suna ta ihu, babu wadda ta motsa.

Akwai wata mata mai sayar da shayi a bakin wurin, ta daɗe tana kallonmu. Sai ta taso ta yi sallama da Hausa, wata irin Hausa ta mutanen da. Ashe kakanninta daga ƙasar Kano suka fito za su Hajji a ƙafa, guzuri ya ƙare, suka zauna a can. Ta ji abin da ke faruwa, ta ce wa Inna, "Yaya, takardunku suna hannunku ko suna hannunsa?" Inna ta dafa ƙugu. Matar ta ce, "Alhamdu lillahi. Taso mu je."

Ta kai mu wani ofis a bene, ni da Inna. Ta yi magana da masu tsaron ƙofa da Larabcinsu na can, wanda ni ban tsinci ko kalma biyar a ciki ba, aka shigar da mu wurin wani babban jami'i mai furfura. Na buɗe baki zan fara Turanci, Inna ta ɗaga mini hannu. Ita ta yi magana, mai shayi tana fassarawa. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi kuka ba. Ta ce ita manomiya ce, ba ta san teku ba, amma ta san yawan ruwan da rago yake sha a wuni, ta kuma ga duro biyu. Ta faɗi zancen makewayi ba tare da wata kunya ba. Ta faɗi ɓular kwalekwale. Sannan ta kwance ɗankwalin ta zube takardunmu a kan teburinsa.

Jami'in ya ɗauki tikiti ɗaya ya duba, ya ɗauki na biyu, fuskarsa ta canja. Ya ce waɗannan tikitin jirgin fasinja ne, wa ya ce mu hau na dabbobi? Aka aika aka zo da ejan. Babbar rigar nan duk ta yi laushi. Ban ji abin da aka faɗa masa ba, amma na ga yana ta sharce gumi yana cewa kuskure ne. Daga baya mai shayi ta gaya mana wasu ya so ya saka a gurbinmu. Jami'in ya buga hatimi a takardunmu ɗaya bayan ɗaya, ya ce akwai jirgin fasinja nan da kwana uku, shi ne na ƙarshe da zai ɗauki alhazai, kuma sunanmu yana ciki. Da za mu fita ya miƙe tsaye, ya dafa ƙirji ya ce wa Inna wata magana. Mai shayi ta ce, "Cewa ya yi ki sa shi a addu'a in kin isa."

Kada ku ɗauka daga nan murna aka yi ta yi. Kwana ukun nan sun fi duk tafiyar tsawo. Mutum biyu daga cikin mazanmu suka ce ba za su iya jira ba, suka karɓi fasfonsu suka hau jirgin ragunan, muna kallo ya tashi. Kawu bai hau ba, don ba zai bar yayarsa ba, amma ya daina yi mana magana. Sai ya zauna can gefe ya juya mana baya yana kallon teku. Duk jirgin da ya ɓullo daga nesa sai mu miƙe, in ya matso a ce na kaya ne. Ni kaina na fara tunanin ko mun yi wauta. Inna kuwa ta samu abin yi, tana taya mai shayi wanke kofuna suna hirar garuruwan da matar ba ta taɓa gani ba.

A rana ta uku da hantsi ya iso. Bai kai na hoton fari ba, kuma ɗakunan da aka yi mana alkawari na wasu ne, mu a kan benci muka zauna. Amma akwai rufi a kanmu, akwai famfuna a jere masu ruwan daɗi, akwai makewayin mata da ƙofarsa da sakatarsa. Inna ta zaga ta duba su duka kafin ta zauna. Ta murɗa famfo ta ɗanɗana, ta gyaɗa kai. A ƙarƙashin kowane benci akwai wasu riguna masu ruwan goro da aka ce suna hana mutum nitsewa. Ta ce in nemo wanda zai nuna mana yadda ake sa su. Wannan karon ban tsaya Larabci ba, na kamo hannun wani ma'aikaci na kawo shi. Ya nuna, ta sa kowace mace ta gwada a kan mayafinta. Suka yi ta kallon juna suna dariya, sun yi ƙugu-ƙugu kamar an cusa su a buhu. Kawu ya leƙo ya gani, dariya ta kuɓuce masa, daga nan fushi ya ƙare.

Bayan azahar iska ta taso. Jirgin ya dinga hawa yana sauka, butoci suna gangarawa daga wannan gefe zuwa wancan. A nan jagora ya faɗi. Jiri ya kwashe ni, na yi amai har na ga kamar hanjina zai fito, na kwanta a ƙasan benci ina kiran sunayen Allah. Tsohuwar da aka ce tana tsoron ruwa tana zaune daram da carbinta. Ta kwance wani ƙulli ta ɗauko tsamiya ta ce in tsotsa, ta jiƙa gefen mayafinta a famfo ta ɗora mini a goshi. Ta bi sauran da suka kwanta ta yi musu haka, har da mutanen da ba ta jin yarensu.

Kafin rana ta faɗi iskar ta kwanta. Aka yi shela cewa mun kusa miƙati, kowa ya shirya. Muka yi wanka a bi da bi, maza muka ɗaura harami. Sai wani dattijo daga can gaba ya ɗaga murya da Labbaika, jirgin gaba ɗaya ya amsa, baƙaƙe da farare, daga sama har ƙasa, a tsakiyar ruwa. Na juya na dubi Inna. Tun rasuwar mahaifina ban ga hawayenta ba sai ranar. Kawu ya matso ya durƙusa a gabanta cikin haraminsa ya ce, "Yaya, ki yafe ni." Ta ce, "Tashi, kada ka ɓata farin kayanka."

Washegari da safe muka taka ƙasar Jidda da ƙafafunmu, mu goma sha ɗaya, babu wanda ya yi ko ƙwarzane. Muka yi Hajjinmu cikakke. A Mina muka haɗu da mutum biyun nan namu, Allah ya kai su da rai. Suka ce injin ya tsaya musu a tsakiyar teku, kwana ɗaya ya zama uku, ruwa ya ƙare har aka koma ba kowa rabin kofi. Ɗayansu ya ce har yanzu in ya ji kukan rago sai gabansa ya faɗi, ga shi kuma an zo wurin yanka.

Ranar da muka dawo gida, tun daga bakin titi aka tare mu, yara da manya, har cikin gari. Mako guda gidanmu bai rabu da mutane ba. Matan da muka tafi da su suka baza labari, kowace da irin nata ƙarin gishirin, har aka kai ga cewa Inna ta daka wa wani janar tsawa. Daga shekarar, duk wanda zai yi doguwar tafiya a yankinmu sai ya biyo ta gidanmu ya ji me Hajiya za ta ce. Ejan kuwa bai sake shimfiɗa tabarma a garinmu ba.

Yanzu da na tsufa nake ganin abin da kyau. Ina da karatu a lokacin, amma ina jin kunyar tambaya, ina tsoron a ce ban waye ba. Ita ba ta san ko bihim ba a boko, amma ta san ranta da mutuncinta amana ne, kuma ba ta yarda gaggawa ta sa ta rufe ido a kan abin da ta gani ba. Tun daga nan, ko motar haya zan sa iyalina sai na zaga na dubi tayoyinta, direba ya yi ta tsaki in ya ga dama.

Abu ɗaya ne har yau yake tsaya mini a rai. Wata rana, shekaru bayan dawowarmu, na shigo gida na tsaya a bayan danga ina kwance wa akuya igiya, sai na ji tana ba wasu baƙi mata labarin tafiyar. Ba ta san ina wurin ba. Na kasa kunne in ji yadda za ta faɗi zancen jaka da aman da na yi. Ba ta faɗa ba. Cewa ta yi, "Ai wancan ne ya kai ni. Ya bar aikinsa ya bi ni har bakin teku, da takalmin aro ya hau jirgi a bayana. Allah ya yi masa albarka."

Na daɗe a tsaye da igiyar a hannuna, sannan na lallaɓa na fita ta ƙofar baya don kada ta gan ni ta ji kunya.

Allah ya jiƙan Inna, ya jiƙan iyayenmu baki ɗaya.